Hawayen itace: yadda itatuwa ke yaƙi da ƙwari da funfuna, daga dajin Jamus zuwa dakwarar Gure

A shirinmu na noma da kiwo na makon jiya, wani ɗan Damagaram mazaunin Jamus ya turo mana hoto ta WhatsApp: tsauni guda cike da dogayen itatuwa, duk sun bushe a tsaye, sun yi toka-toka kamar bayan gobara, alhali wuta ba ta taɓa su ba. Ya ce wai ƙwaro ne ya yi wannan aiki. Tambayarsa biyu ce. Yaya ƙwaron da bai wuce ƙwayar shinkafa ba zai kashe itacen da ya fi hasumiyar masallaci tsawo? Kuma shin irin wannan na iya samun gawonmu da dogon yaronmu na gida? Minti goma na shiri bai ishe mu amsa ba, shi ya sa muka zauna muka rubuta.

Mu fara da abin da kowa ya sani amma ba mu cika tsayawa a kansa ba. Akuya in ta hangi kura sai ta zura da gudu, mutum in sauro ya cije shi sai ya kai masa mari. Itace kuwa inda ya tsiro nan zai tsaya shekara ɗari, gara na ƙarƙashinsa, tsutsa na kan ganyensa, funfuna na yawo cikin iska tana neman kafar shiga. Da ba shi da makami, da tuni babu ko kara a doron ƙasa. Makamansa su ne abubuwan nan da muke ji a harshe da hanci kullum: ɗaci, bauri, wari, ƙamshi, danƙo, da dafi. Itace ne ke haɗa su cikin jikinsa daga ruwan da saiwa ta jawo da sukarin da ganye ya dafa a rana. Ku riƙe wannan maganar ta ruwa da sukari, don duk labarin a kanta ya rataya.

Itatuwan cikin hoton ba su cikin na ƙasarmu. Dangin nan ne masu ganye siriri kamar allura, waɗanda ba sa kaɗe ganye ko ƙanƙara na zuba. Wanda ya yi lekol ya san su da sunan pin da sapin, irin wanda Turawa ke ƙawatawa lokacin Kirsimeti, kuma fararen allunan katako masu sauƙi da ake buga akwatunan kaya da su, galibi daga jikinsu ne. A cikin ɓawonsu da katakonsu akwai ƴan siraran hanyoyi cike da wani ruwa mai kauri kamar zuma, mai ƙamshi, kuma a matse yake ciki. Wannan ruwa haɗin abu biyu ne. Akwai kashi mai sauƙi da ke tashi cikin iska, shi ne ake tacewa a sami terebantin ɗin da masu fenti ke tsinka fenti da shi. Akwai kuma kashi mai nauyi da ke daskarewa. Masana na kiran dangin sinadaran duka biyu da sunan tarpen.

To, idan ƙwaro ya fara huda ɓawo, sai ya fasa waɗannan hanyoyi, ruwan ya ɓulɓulo ya tunkuɗo shi waje, ko ya nutsar da shi cikin raminsa. Kashi mai sauƙin guba ne ga ƙwaron, yana kuma hana funfuna yaɗuwa. Da ya tashi cikin iska sai mai nauyin ya sandare, ya toshe kafar kamar an liƙe tulu da laka. A jikin lafiyayyen itace ana ganin ƴan dunƙule-dunƙulen danƙo, wani sa'in da gawar ƙwaron a ciki. In harin ya ci gaba, itacen na da mataki na biyu: yana kashe naman jikinsa da ke kewaye da raunin da kansa, ya jiƙe wurin da guba, kamar yadda manomi ke share layi ya ƙone shi don wutar daji ta zo ta rasa abin ci. Cikin mako biyu zuwa uku kuma sai ya gina sababbin hanyoyin danƙo a sabon katakonsa, shirin haɗuwa ta gaba.

Amma shi ma ƙwaron ba a banza ya zo ba. Da farko, ba shi kaɗai yake tafe ba: yana ɗauke da irin wata funfuna a jikinsa, da ya shiga sai ya shuka ta. Ita kuma ta bi hanyoyin ruwan itacen ta toshe su, har katakon ya rine ya yi shuɗi kamar an tsoma shi a marina. Wasu irin funfunar ma suna iya narkar da gubar itacen su mayar da ita abinci. Sannan ga wayon da ya fi ba mu mamaki: ƙwaron kan ɗauki ƙamshin nan da itace ya fesa don ya kore shi, ya sarrafa shi cikin cikinsa, ya fitar da shi a matsayin kiran gayya. Ƴan'uwansa su ji, su taho ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, su huda ta kowane gefe cikin ƴan kwanaki. Itacen da zai iya tunkuɗe ƙwaro goma, ba zai iya da dubu ba. Danƙon ya ƙare, kafofi na nan a buɗe.

Wannan kokawa ta daɗe ana yin ta, kuma a shekarun da ruwa ya wadata itace ne ke kayarwa, ƙwaro sai dai ya lallaɓa wajen tsofaffi da waɗanda iska ta karya. Abin da ya juya lamarin shi ne ƙishirwa. Danƙo ba ya tunkuɗowa da ƙarfi sai jikin itace na cike da ruwa, kuma itacen da ke jin ƙishi yana rufe ƙofofin ganyensa don kada ya ƙara asara, wanda ke nufin ya daina dafa sukarin da zai haɗa guba da shi. A Jamus an yi fari da zafi mai tsanani a 2018, ya zarce 2019 da 2020. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna daga farkon 2018 zuwa watan Afrilun 2021 ƙasar ta yi asarar daji kusan hekta dubu 500, mafi yawa na irin waɗannan itatuwa. A yammacin Kanada, lardin Biritish Kolombiya, wani ƙwaron dangin wannan ya taɓa sama da hekta miliyan 18 tun daga ƙarshen shekarun 1990, saboda sanyin da ke kashe tsutsarsa ya ragu. Don ku gane girman wurin: ya fi faɗin jahar Damagaram gaba ɗayanta, daga Magarya har hamadar da ke bayan Tanut da Taskar.

Yanzu mu dawo gida, don mu ma muna da masu hawaye. Wanda ya fi kusa da itatuwan Turawan nan a hali shi ne dashi, wanda muke kafa shinge da rassansa. Ka yanki jikinsa, ka dawo bayan kwanaki, za ka tarar da danƙo mai ƙamshi ya taru ya bushe a bakin raunin. Haka hano, a wuraren da ya saura. Su biyun dangi ɗaya ne da itatuwan Somaliya da Yaman da Oman da ake samun lubban daga jikinsu, kuma ƙamshinsu tarpen ne, irin na pin. Ke nan idan uwargida ta jefa wannan danƙo a kasko ta turara ɗaki, makamin da itace ya haɗa don korar ƙwari ne ta ara, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Ƙaron dakwara kuwa wani abu ne daban, ko da yake a ido sun yi kama. Ku gwada: ku jefa ƙaro a ruwa, zai narke sarai, danƙon pin ko ya kwana ciki ba zai narke ba. Ƙaro dangin sukari ne, ba shi da dafi, shi ya sa yara ke tsotsarsa a daji, malamai ke zuba shi a tawada don rubutu ya kama ya yi sheƙi, kamfanonin lemon kwalba da na alewa kuma ke sayensa da sunan E414. Aikinsa ga dakwara shi ne ɗaurin rauni: ya rufe wurin don ruwan jiki kada ya tsere a lokacin iskar hunturu, ƙwari da funfuna kuma su tarar da ƙofa a kulle. Mutanen Gure da Gudumariya da Maine Sorowa sun san lokacinsa. Bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, in ganye ya fara kaɗewa, a ɗan ɓare siririn ɓawo a reshe ba tare da an ci katako ba, a jira mako huɗu zuwa shida, a dawo a tsinci dunƙulen. Itace guda ba ya ba da mai yawa, a matsakaici bai cika wuce rubu'in kilo ba a shekara.

Wani zai ce, to ai ga shi dakwara a lokacin fari take zubar da ƙaro, ina maganarku ta ƙishirwa? Amsar ita ce ƙaron rani ajiyar damana ne. Abin da itacen ya tara lokacin ruwa shi yake narkarwa ya ɗaure rauni da shi, shi ya sa shekarar da damana ta yi kyau ƙaro ke yin auki. In damana ta gaza shekara biyu, uku a jere, kuma ana ta tsaga, rumbun ya ƙare. Mun ga haka da idonmu, ko dai iyayenmu sun gani: kafin farin 1973 da na 1984 ƙaro na cikin manyan kayan da Nijar ke fitarwa waje, bayan farin kuwa dazuzzukan dakwara na gabas da yawa suka mutu a tsaye, kamar dai na hoton ɗan'uwanmu. Yau Sudan ce ke riƙe da mafi yawan kasuwar duniya.

Bagaruwa ita da bauri take faɗa. Kowa ya taɓa tauna ɗanta ya san yadda baki ke ɗaurewa, yawu ya kafe. Sinadarin da ke yin haka sunansa tanin, kuma ƴaƴan bagaruwa na ɗauke da shi kusan kashi 12 zuwa 19 cikin 100. Halinsa shi ne ya kama duk abin da yake dangin nama ya ƙanƙame shi. A bakin dabba sai ci ya gundure ta, a wajen funfuna kuma sai ya ɗaure ruwan da take fitarwa don narkar da katako. Wannan ƙanƙamewar ce majema ke nema: ɗanyar fata in an bar ta ruɓewa za ta yi, in ta sha ruwan bagaruwa sai ta zama kirgin da ruɓa ba ta iya ci. Fatun da ayarin raƙuma ke ɗauka daga Zango zuwa Tarabulus a zamanin Sarki Tanimun, da jakunkuna da takalman da dukawan Zindar ke ɗinkawa har gobe, duk bashin bagaruwa ne a kansu. Ita ma ƙirya, da muke sassaƙa turmi da taɓarya da ita don gara ba ta son ta, irin waɗannan sinadarai ne ta cusa cikin jar zuciyarta.

Tumfafiya ba ta tsaya wasa ba, ita dafi ne kai tsaye. Farin nonon nan nata na ɗauke da guba mai taɓa bugun zuciya, in ya faɗa ido kuma yana iya dushe gani na kwanaki, don haka a ja wa yara kunne. Duk da haka akwai wadda ta fi ƙarfinta: farar tumfafiya, mai rawaya da zane, tana cin ganyen ta adana dafin a jikinta. Mu da muke soya fara da yaji muna sayar da ita tiya-tiya a kasuwar Dole, wa ya taɓa ganin an soya wannan? Ko tsuntsu kauce mata yake. Irin dabarar ƙwaron Jamus ce, a karɓe makamin mai gida.

Sai babban bako, dogon yaro, wanda wasu ke ce ma bedi ko dalbejiya. Asalinsa ƙasar Indiya ne, a zamanin Turawa aka kawo shi. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan, ya ga farin dango ya cinye duk wani kore ya bar dogon yaro. A 1968 masu bincike a Ingila suka ware sinadarin daga ƙwallon ƴaƴansa, aka sa masa suna azadiraktin. Ba ya kashe ƙwaro nan take kamar maganin kanti. Yana toshe masa sha'awar ci, sannan ya hana tsutsa saɓa, wato tuɓe tsohuwar fata don ta girma, sai ta maƙale ta mutu. Sarƙaƙiyar ginin wannan sinadari ta sa masana a jami'ar Kambirij sun shafe shekara 22 kafin su iya haɗa irinsa a ɗakin gwaji, a 2007. Itacen ƙofar gidanku kuwa kowace shekara yana zubar da shi ƙasa, awaki na tattakawa.

Ga wanda ke son ya ara, ma'aunin da malaman gona suka saba bayarwa shi ne rabin kilo na busasshen ƙwallo, a daka, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a ɗan sa sabulu don ya kama ganye. A fesa da yamma, don rana na kashe ƙarfinsa, a maimaita bayan mako guda. Ya fi aiki a kan ƙananan tsutsotsi a wake da kabeji da tumatir, tun ba su yi yawa ba. Abu ɗaya muke roƙo: man dogon yaro ba na shan jarirai ba ne, likitoci sun ga yaran da ya sumar.

To shi da ke da irin wannan makami, ai sai a ce ba mai taɓa shi. Ina! A tsakiyar shekarun 1980, kan ganiyar fari, wani ɗan ƙwaro mai ɓawo da ke manne wa ganye yana tsotsa ya far wa dogon yaro a ƙasashen kewayen tafkin Cadi. Daga ƙarshen 1990 kuma aka fara ganin wata rama a itatuwan nan cikin Nijar: ganye ya yi rawaya ya zube, reshe ya tsaya tsirara da ɗan tuntu a ƙarshensa. Masana suka zo suka duba, an nemi ƙwayar cuta guda da za a ɗora wa laifi ba a kama ta ba, akasarinsu suka karkata ga cewa wahala ce: ƙarancin ruwa, da ƙasa da ta taurare saboda tattaki, da cunkoso. Amsar tambaya ta biyu ke nan, ɗan'uwa. Ƙwaron Jamus ba zai ci gawo ba, ba abincinsa ba ne. Amma ƙofar da ya bi ya shiga, ƙishirwa da rauni, a buɗe take a nan ma.

Ruwan sama ba a hannunmu yake ba, rauni kuwa sau da yawa mu ne. Itace ba ya warkewa irin na mutum, naman da ya mutu ba ya dawowa; abin da yake yi shi ne ya kewaye wurin da katangar guba ta ciki, ya rufe da sabon ɓawo daga gefe. Ƙaramin yanka mai santsi yakan rufe shi kafin ruɓa ta yi nisa. Sara da dakusasshen gatari, wanda ke tsage reshe ya ɓalle ɓawo har gindi, ko dungun da aka bari ruwa na kwanciya a kansa, wannan ya fi ƙarfin katangar, shi ne bayan shekaru ake ganin kogo, gara ta shiga, iskar farkon damana ta kayar. Don haka mai sassabe ya wasa ƙarfensa, ya fara ɗan sara ta ƙasan reshe kafin ta sama, ya yanke kusa da kumburin da ke gindin reshen ba tare da ya ci kumburin ba, don daga nan sabon ɓawo ke tasowa.

Masu ɗiban sassaƙe don magani, muna girmama sana'arku, amma ku dubi maɗatan da ke bakin hanyoyinmu. Ɗacin da kuke nema dangin na dogon yaro ne, gidansu ɗaya, kuma maɗaci ya ajiye shi a ɓawo ne don tsaron kansa. Ƙarƙashin ɓawon nan hanyar da sukari ke bi daga ganye zuwa saiwa take. A ɓare gefe guda, siriri, a tsaye, itace zai jure. A kewaye shi zobe, an yanke wa saiwa abinci, ko ganye na nan kore mutuwa ta riga ta shiga. Haka tara karan gero a gindin itace a cinna wuta: ɓawon ya dahu ta ciki, ba a gani sai baɗi.

Gawo ya fi kowa shan wannan, don shi ne mai kore a rani lokacin da dabbobi ba su da komai. Tarihin baka ya ce sarakunan Damagaram na da sun kafa hukunci mai tsanani ga wanda ya sare gawo. Bayan farin 1984 manoman Magarya da Matamai da Mirya suka dawo da shi da hannunsu, ta hanyar barin tohon da ke fitowa a gona suna gyara shi, har masu bincike suka ƙiyasta filin da ya farfaɗo a waɗannan gundumomi uku kusan hekta miliyan 1, a ƙasa baki ɗaya kuma wajen miliyan 5. Waɗannan itatuwa yanzu sun girma, su ne ake hawa da adda a watan Afrilu da Mayu. Gawon da aka aske ƙwal ba shi da ganyen da zai dafa sukari, ga raunuka ashirin da zai ɗaure, ga damana na tafe wadda shi a cikinta yake kaɗe ganye ya huta. In an yi masa haka bana aka sake baɗi, da me zai yi faɗa? A ra'ayinmu makiyayi da mai gona su daidaita tun kafin a hau: a rage rassa, a bar masa kansa, wanda aka sassabe bana kuma a tsallake shi shekara mai zuwa.

A shirin mako mai zuwa za mu buɗe layi. Muna son jin mutanen Gure da Tanut kan yadda ƙaro ya yi bana, da duk wanda ya ga dogon yaro ko gawo na bushewa daga sama a garinsu: ku duba gindin ku gaya mana ko akwai garin katako a ƙasa, ko ƴan ramuka a ɓawo, ko tabon wuta. Ƴan'uwa na waje kuma ku ci gaba da turo hotuna ta lambar gidan rediyo.